Daga allo zuwa kwamfutar tafi-da-gidanka: abin da ajinmu ya riga ya gani

Duk inda aka zauna zancen gyaran karatu, a taron iyayen yara ne ko a hirar malamai bayan an tashi daga aji, ba a rasa wanda zai ce maganin abin guda ne: a ba kowane ɗan koleji kwamfutar tafi-da-gidanka, tun daga ɗan sizyam har mai shirin jarrabawar brebe. Hujjar tana da daɗin ji. Littattafai sun yi ƙaranci, malamai ba su wadata ba, ga kuma na'ura guda da za ta ɗauki ɗakin karatu sukutum ta sa a jakar yaro. Ni ba na cikin masu yi wa wannan tunani dariya. Yaron da ke koleji a Hamdara ko Mirya bai yi laifin kome ba da za a hana shi abin da takwaransa na Turai ke taɓawa kullum. Sai dai masu zancen sukan yi shi kamar yau aka fara, alhali Nijar ta sa na'ura a gaban ɗalibi tun 1964, ta riga kusan kowace ƙasa a Afirka. Abin da ya faru da wancan gwaji, da waɗanda suka biyo bayansa, shi nake so malamai da iyaye mu duba tare, domin ni abin da na karanto a ciki shi ne kayan karatu ba ya daɗewa a aji sai yana da mutum biyu a bayansa: malamin da ya ɗauke shi nasa, da mai gyaran da ke kusa.

Kafin talabijin da kwamfuta, ƙasar Damagaram ta daɗe da tsarin da kowane ɗalibi ke da nasa kayan karatu a hannu. Allo ke nan. Mun saba ganinsa har ba mu ɗauke shi a bakin kome ba, amma a dube shi da idon mai tsara ilimi. Masassaƙin garin ne ke sassaƙa shi. Tawadarsa gawayi ne da ƙaro. Alƙalaminsa tsinken gamba ne da yaro zai fiƙe da kansa. In ya cika a wanke, in ya tsage a ɗaure ko a sake wani da kuɗin da uba talaka zai iya biya. Babu wani abu a cikinsa da sai an jira ayari ya kawo daga wata ƙasa. Takarda kuwa a wancan zamani kayan fatauci ce mai tsada. Daga Italiya ake yin ta, ta bi ta Tarabulus, ta ƙetare Sahara a bayan raƙuma kafin ta sauka a Zango, unguwar fatake ta Damagaram, ko ta wuce Kano. Shi ya sa ba a ba yaro ita. Sai wanda ya kai munzilin rubuta Alƙur'ani da ka, ko malamin da ke kwafar littafi, yake taɓa ta. Wato kakanninmu sun raba kayan aiki gida biyu: mai araha da ake yi a gida ga kowa, mai tsada da ake shigowa da shi ga wanda zai more shi.

Wani abu kuma da ake mantawa: allo shi kaɗai katako ne. Malam ne ke rubuta wa ƙaramin yaro, shi ke biya masa, shi ke sauraren hadda, shi ke cewa a wanke. Ko da lakwal ta zo da ardwaz da alli bayan Faransawa sun shiga Damagaram a 1899, tsarin bai canja ba ta wannan fuska. Yaro ya rubuta, ya ɗaga sama, mushe ya zagaya da ido ya ga wanda ya gane da wanda ya ɓata.

Matsalar lakwal ita ce ba ta kai ko'ina ba. Duk da cewa Damagaram ce hedikwatar mulkin mallaka daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960 ko kashi 5 cikin ɗari na yaran ƙasar ba sa zuwa makarantar boko. Gwamnatin Diori Hamani ta tarar da ƙasa mai faɗi, ba malamai, ba kuɗin horar da su da sauri. Daga nan aka yi tunanin da ya yi kama ƙwarai da na yau: tunda ba mu da ƙwararren malami ga kowane aji, me zai hana a tara ƴan ƙwararrun da ake da su a wuri ɗaya, na'ura ta kai darasinsu ko'ina?

Haka aka haifi talabijin ɗin makaranta, wanda aka fi sani da Télé-Niger, da kuɗi da ma'aikatan Faransa. An fara a Yamai a 1964 da azuzuwan gwaji biyu. A 1966 aka ƙara wasu 20 a Yamai da kewaye, yara wajen 800 gaba ɗaya. Kowace rana ana watso darussa huɗu, kowane bai wuce kwata na awa ba, da wasan kwaikwayo da zane da ƴan tsana, duk da Faransanci. A cikin ajin kuwa ba cikakken malami aka sa ba. Matasa ne masu takardar gama firamare aka yi wa ɗan horo na ƴan watanni, aikinsu su kunna akwatin, su ja yaran su maimaita, su yi aikin da aka tsara bayan darasi. Ƙauyukan ba su da kuran, sai batir, kuma a ƙarshen shekarun 1960 aka fara gwada kunna akwatunan da hasken rana. Wannan kansa abin tarihi ne, domin yana cikin gwaje-gwajen farko a Afirka na amfani da farantan sola. Ƙasar Farfesa Abdou Moumouni ce, ba abin mamaki ba ne.

Abin da ya kamata a faɗa da gaskiya shi ne shirin bai gaza ba ta fuskar yara. Masu binciken ƙasashen waje da suka zo gani sun yaba. Yaran suna son zuwa, ba a maimaita aji, kaɗan ne suka bar karatu, kuma bakinsu ya buɗe da Faransanci fiye da na yaran lakwal ta gargajiya. Duk da haka shekara da shekaru shirin bai wuce waɗannan ƴan azuzuwa ba. Dalilin yana wajen manya. An gina shi ne a gefen ma'aikatar ilimi, da nasa shugabanni da nasa kasafi, yawancin masu shirya darussan baƙi ne. Malamai da sufetocin da suka sha wahalar horo suna kallon abin a matsayin saƙo cewa akwati da ɗan satifiket sun isa su maye gurbinsu. Wa zai yi wa abin da aka kawo don a rage masa daraja hidima? A farkon shekarun 1970 Nijar ta karɓi ragamar shirin, aka faɗaɗa shi zuwa azuzuwa fiye da ɗari, amma kuɗin shirya darasi da gyaran akwatuna ya dawo wuyan ƙasar da fari ya durƙusar a daidai waɗannan shekaru. Kafin ƙarshen shekarun an naɗe tabarmar. Kayan aikin da ma'aikatan su ne suka zama tushen Télé Sahel a 1979. Ƙasa ta samu gidan talabijin, yara suka koma ga ardwaz.

Kodebuwa ta ɗauki wannan tunani ta yi shi da girma. Daga 1971 ta watsa darussa daga Bouaké zuwa dubban azuzuwa, da goyon bayan UNESCO da Bankin Duniya da Faransa. A farkon shekarun 1980 aka rufe, bayan iyaye da malaman sakandare sun yi ta kukan cewa yaran suna iya magana amma rubutu ya gagara. Ƙasa ce da ta fi mu kuɗi nesa ba kusa ba, kuma ita ma ba ta iya riƙe shi ba.

A daidai lokacin da ake fama da akwatin talabijin a Yamai, kilomita kusan 900 daga nan, wani gwaji ya fara a gidanmu ba tare da wata na'ura ba. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigo masa da Faransanci a hankali. Daga baya aka yi irinta da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Duk lokacin da aka auna, yaran waɗannan makarantu ba su kasa takwarorinsu ba, sau da yawa ma sun fi su, musamman a shekarun farko. Amma su ma sun shafe shekaru gommai da sunan gwaji a wuyansu, ba littattafai isassu, ba malaman da aka horar musamman. Na kawo su nan ne domin suna nuna inda ciwon yake. Yaron da ya shiga sizyam yana haɗa baƙi da ƙyar a harshen da ba ya ji a gida, in ka miƙa masa kwamfuta mai littafi dubu da wannan harshe, ka ba shi rumbu ne ba ka ba shi mabuɗi ba.

To, ita kanta kwamfutar ɗaya ga kowane yaro fa, daga ina ta fito, kuma yaya ta ƙare a inda aka yi ta?

Wuri na farko da aka yi wa ƴan koleji wannan rabo a faɗin jiha guda shi ne jihar Maine ta Amurka. A 2002 gwamnanta Angus King ya sa aka ba kowane ɗalibi ɗan aji bakwai kwamfutar Apple, wato sa'annin ƴan sankiyam ɗinmu, shekara mai zuwa aka haɗa da ƴan aji takwas. Kwangilar farko ta kai dalar Amurka miliyan 37. Jiha ce da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, kowane aji da wuta da intanet, an ba malamai nasu kwamfutocin, an yi musu horo. Bayan shekara 15 ana kashe kuɗi, sakamakon jarrabawar gama-gari ta jihar bai nuna wani tashi na a zo a gani ba, ko da yake malamai da yawa sun ce yara sun fi yin rubutu da gyara shi, kuma ɗan talaka ya samu abin da da sai ɗan mai kuɗi. Wannan riba ce ta gaske, amma ba ita aka yi wa masu biyan haraji alkawari ba.

Wanda ya kawo zancen ƙasashe irin namu shi ne Nicholas Negroponte na jami'ar MIT, da shirinsa One Laptop per Child. A 2005 ya yi shelar kwamfuta ta dala 100 ga yaran ƙasashe matalauta. A watan Nuwamba na shekarar aka nuna samfurinta a Tunis, Kofi Annan na tsaye, da ɗan hannun da ake juyawa don a yi caji. Hannun ya karye a wurin nunin, daga baya ma aka cire shi daga tsarin. Da ta fito kasuwa farashinta ya kai dala 188, jaka ɗari da ƴan kai a kuɗinmu na yau. Tunanin Negroponte ya fi na Télé-Niger nisa: yana ganin yaro zai koya wa kansa in dai an ba shi na'urar, ko da malami ko babu.

Makwabciyarmu Najeriya na cikin na farko da suka ɗaga hannu. An yi ta zancen gwamnatin Obasanjo za ta sayi miliyan guda. Abin da aka gani a ƙasa shi ne gwaji a makarantar firamare ta Galadima a gefen Abuja a 2007, yara wajen 300. Aka sha fama da wuta da kuɗin janareta da intanet, a watan Yuli na shekarar labari ya bazu cewa an samu hotunan batsa a wasu kwamfutocin yaran, sai daga baya aka sa matattara. Gwamnati ta canja, odar miliyan ba ta zo ba. Har wani kamfanin ƴan Najeriya ya maka shirin a kotun Legas kan zargin an kwaikwayi tsarin allon bugunsa mai haruffan harsunan ƙasar. Wannan shari'a ta tuna mini wani abu ƙarami da ke ci mini tuwo a ƙwarya: har yau kwamfutar da ake saya a kasuwa ba ta zuwa da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a kan maɓallanta, sai an san yadda za a saita. Ga shi kuwa tun watan Maris na 2025 kundin da ke jagorantar ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Wanda zai yi odar kwamfuta ga yaran Damagaram bai tambayi wannan ba, bai fara aikin ba tukuna.

Peru ta sayi sama da 800,000, ta fi kowa. Bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya bi makarantun karkara 319, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu da kwamfuta wasu babu. Bayan wata 15, a rahoton da ya fito a 2012, yaran sun iya sarrafa na'urar sosai, an ga ɗan ci gaba a gwajin kaifin tunani, amma a lissafi da karatu babu bambanci. Yawancin makarantun ba intanet, horon malamai ɗan kaɗan ne, darasin bai canja ba. Uruguay ce kawai za a ce ta ci riba mai ɗorewa, ita ma ba nan take ba. Ta fara a 2007, ta gama raba wa duk ƴan firamaren gwamnati a 2009, binciken farko bai ga canji a lissafi da karatu ba. Bambancinta shi ne ba ta tsaya a rabo ba. Ta kafa hukuma ta dindindin mai suna Ceibal, mai kasafin kanta kowace shekara, mai wuraren gyara, mai ja wa makarantu intanet, mai shirya darussa tare da malamai. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020 sai aka ga amfanin shekara 13 na wannan haƙuri. Ƙasa ce mai mutum miliyan uku da rabi, kusan kowane gida da lantarki. Jihar Damagaram kaɗai ta fi ta yawan jama'a.

Gwajin da ya fi burge ni ba a Amurka aka yi shi ba, a ƙauyukan jiharmu ne da na Dosso, kuma ba da kwamfuta ba. A 2009 da 2010 ƙungiyar Catholic Relief Services na gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci ga manya, maza da mata, da Hausa da Zabarmanci. Wata mai bincike, Jenny Aker, wadda ke jami'ar Tufts a lokacin, da abokan aikinta suka shigo da ƙaramin ƙari da suka kira shirin ABC. Cikin ƙauyuka 113, aka zaɓi kusan rabi ta ƙuri'a. A waɗannan, malamin ajin, bayan darasin da ya saba yi da allo da alli, yana koya wa ɗalibai yadda ake kunna salula, a gane lambobi da haruffa a kanta, a rubuta saƙo a aika. Wayar ba mai shafawa ba ce, irin ƴar ƙaramar nan ce mai maɓallai, kuma ba kowa aka ba tasa ba: mutum biyar waya ɗaya. Malami ɗaya ne da na sauran ƙauyukan, littafi ɗaya, lokacin karatu ɗaya. Da aka yi jarrabawa, ƴan ƙauyukan wayar sun fi sauran a rubutu da lissafi, kuma watanni bayan an rufe aji makinsu na lissafi bai daina fin na sauran ba.

Me ya sa wannan ya ci inda na miliyoyin daloli ya tsaya cik? A ganina domin wayar ta shiga hannun malami ne a matsayin ƙarin alli, ba ta zo ta ture shi ba. Sannan ta ba karatun dalili a wajen aji: matar da ta koyi baƙi za ta rubuta wa ɗanta da ke ci-rani a Kano ko Agadas, manomi zai tambayi farashin wake kafin ya ɗora buhu a amalanke. Saƙo ya fi kira araha, don haka iya rubutu ya zama kuɗi a aljihu. Na uku, abu ne da garin ya riga ya san yadda zai ciyar da shi. Akwai mai caji a kasuwa, akwai mai sayar da kati, akwai mai gyara. Kusan duk abin da ya sa allo ya rayu.

Su Aker sun sake wani gwaji bayan ƴan shekaru a jihohin Maraɗi da Damagaram, wanda ya fi wannan sauƙi. Ba a ba ɗalibai kome ba. Kowane mako ana kiran malamin ajin a waya, a kira mai gari, a kira ɗalibai biyu, a tambaya ko an yi karatu, mutum nawa suka zo. Ba ƙarin albashi, ba barazanar kora. Sakamakon ɗaliban ya tashi. Malamin da ke ƙauye mai nisa ya ji cewa wani ya san yana nan. Na san waɗannan azuzuwan manya ne, ɗan koleji kuma ba dattijo ba ne, abin da yake bukata ya fi aika saƙo yawa. Amma su ne shaidar da aka auna da kyau a ƙasarmu, da mutanenmu, kuma duka biyun malami suka nuna.

Yanzu a dawo ga kolejin karkara a yankinmu kamar yadda take. Har zuwa 2023, wutar da Damagaram da Maraɗi ke sha mafi yawanta daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke ta a watan Agusta, aka shafe watanni ana rabon wuta a birni. Ƙauyuka da yawa kuwa ba abin da aka yanke musu, domin ba a taɓa ja musu ba. Dubban azuzuwa a ƙasar nan na zana ne da kara. Ba mu manta gobarar unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afrilun 2021 ba, da ta ci yara 20, da ta Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar, da ta ci fiye da haka. Ajin da ba ya tare iska da ƙurar hunturu, ba shi da ƙofar kullewa, a ina za a ajiye kwamfuta 60? In kuma yaro zai tafi da ita gida, wa zai biya in ta faɗi daga kan keke, uban da bai gama biyan kuɗin kaye ba?

Sai batun waɗanda za su shigo sizyam ɗin. A binciken PASEC na 2014, cikin yara goma da ke gama firamare a Nijar ko ɗaya bai cika kaiwa matakin karatun da ake bukata ba. An samu ci gaba a na 2019, amma har yanzu mafi yawa suna ƙasa da layi. Malamai kuwa mafi yawansu ƴan kwantiragi ne. Da aka yi wa na firamare jarrabawa a 2017, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu 10 bisa 20. Ba na kawo wannan don in ci fuskar kowa ba. Mutumin da aka ɗauka da ɗan gajeren horo, aka jefa shi ƙauye, albashinsa na makara, ba shi ya tsara wannan hali ba. Na kawo shi ne domin haɗarin da nake hange: a sake yin tunanin 1964, a ce tunda malamin ba shi da ƙarfi bari na'ura ta yi aikinsa. Wannan hanya an bi ta, mun ga inda ta fita.

Da za a tambaye ni yadda za a kashe kuɗin, da malamin zan fara. Jaka ɗari sau 60 miliyan shida ke nan na sefa a aji guda, kafin a yi zancen caji. Da kuɗin aji ɗaya za a ba kowane malami na ƙaramar koleji kwamfutarsa, da littattafan manhaja da tsofaffin tambayoyin brebe a ciki waɗanda ba sa bukatar intanet, a sa farantan sola a ɗaki guda mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe, a sayi na'urar buga takarda. Malamin lissafin da ke iya buga wa yara 60 aikin gida a takarda ya riga ya ceto rabin awar da ake ɓatawa ana kwafa daga babban allo. Bayan shekara guda, in malaman sun saba har sun fara neman ƙari da bakinsu, sai a kawo na ɗalibai, ashirin ko talatin a wannan ɗaki, aji-aji suna shiga bi da bi, uku ko huɗu a kan guda. Wanda ya ga yara huɗu a kan waya ɗaya ya san ba a rasa mai koya wa sauran. Ƴan mata kuma a ware musu lokacinsu, domin in aka bar abin ga mai ƙarfin kafaɗa, an san wanda zai riƙe maɓallan.

Batun gyara shi ne wanda ba a taɓa sa wa kuɗi a takardar shiri, kuma a nan nakan tuna Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Bindiga a zamaninsa kayan waje ce kamar kwamfuta a yau, ta hanyar Tarabulus take zuwa. Bai tsaya ga saye ba. Ya sa maƙeran Birni suna zuba igwa, ana haɗa albarushi a gida, ana gyara abin da ya lalace. Igwar ba ta hana Faransawa cin yaƙin Tirmini a 1899 ba, gaskiya ne, amma shekaru da dama ta yi aiki ba tare da an jira wani ya zo daga ƙetaren Sahara ya duba ta ba. Maƙeran wannan zamani suna nan: samarin da ke zaune da ƙaramin ƙarfen narka dalma a Kasuwar Dole da tashoshin mota, suna farke waya su mayar. Ba wanda ya buɗe musu makaranta. Duk shirin da zai kawo kwamfuta kolejojin gundumar Mirya ya kamata tun ranar farko ya ɗauki irinsu, ya horar da su a kan samfurin da aka saya, ya ajiye musu kayan canji a Damagaram ba a Yamai ba. Batirin kwamfuta yakan fara mutuwa cikin shekara uku zuwa huɗu, a zafin watan Afrilunmu ma ƙila bai kai ba. Yarinyar da aka ba sabuwa a sizyam, tana shiga turwaziyam, shekarar brebe, batirin zai fara ɗaukewa. Kafin kwamitin iyaye ya sa hannu a karɓi kayan, ya nemi a nuna masa a rubuce wanda zai sayi batiri na biyu, ma'aikatar ilimi ce, ko magajin gari, ko ƙungiyar da ta kawo, da kuma shekarar da kuɗin zai fito.